Motar katako ta sadaka da dokokin kare lafiyar yara

A bakin kusan kowane shagon kafinta a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, akwai tulin guntayen katako, ragowar ƙofofi da gadaje da bencin makaranta, waɗanda yawanci a murhun masu abinci suke ƙarewa. Mai tausayi idan ya dubi tulin nan, motoci yake hangowa da jirage da dawakai masu taya. Yaran da za a ba kuwa ba sai an je nema ba. Suna gidajen marayu, suna kwance a ɗakin yara na asibiti, suna sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013 domin mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya, kuma yara da yawa a can aka haife su. Niyya ce mai kyau, Allah Ya ba da lada. Rigimar takan taso ne ranar da aka kai kayan, ma'aikaciyar ƙungiyar agaji ta ɗauki mota ɗaya ta jujjuya, ta ja tayar, ta tambayi wane fenti aka shafa, wane ice ne, na 'yan shekara nawa ne. Nan ran mai kyauta yake ɓaci, ka ji ya ce, "Haba Hajiya, kyauta na kawo fa, ba talla ba."

Ni dai ina bayan mai tambayar. Tambayoyinta ba daga kanta suka fito ba, suna da tarihi, kuma wanda ya san tarihin zai ga cewa mafi yawan abin da ake nema kafinta zai iya cika shi a shagonsa ba tare da ya kashe ko dala ba.

A watan Yunin 2007 kamfanin RC2 na Amurka ya janye kayan wasa kusan miliyan ɗaya da rabi daga kasuwa. Jiragen ƙasa ne na katako, waɗanda aka ƙera a China, aka gano akwai dalma a jan fenti da rawayan fentin da ke jikinsu. A watan Agusta na shekarar, kamfanin Mattel ma ya janye kusan miliyan ɗaya a Amurka saboda dalilin nan. Hankalin iyaye ya tashi, majalisa ta yi doka, Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu ranar 14 ga Agustan 2008. Ita ce ake kira CPSIA a taƙaice. Ta shafi duk kayan da aka yi domin yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa. Ta rage dalmar da aka yarda da ita a fenti daga kashi 600 cikin miliyan zuwa kashi 90, ta sa iyaka ga dalmar da ke cikin jikin kayan, wadda aka yi ta ragewa har ta kai kashi 100 cikin miliyan a 2011. Ta kuma wajabta a kai samfur ɗakin gwaji mai zaman kansa, a manna wa kowane kaya alamar da za ta nuna wanda ya yi shi da lokacin da aka yi.

Manyan kamfanoni ne suka yi laifin, amma ƙananan masu sana'a ne suka fi jin jiki. Kamfanin da ke buga mota dubu ɗari iri ɗaya, kuɗin gwaji ba komai ba ne a wurinsa. Tsohon da ya yi ritaya yana sassaƙa mota ashirin a bayan gida don ya kai asibiti, kuɗin gwajin mota ɗaya ya fi ƙarfin duka ashirin ɗin. Doka kuma ba ta ce mai kyauta daban, mai sayarwa daban ba: wanda ya ƙera, shi ne maƙeri. Masu aikin hannu suka kafa ƙungiya mai suna Handmade Toy Alliance suka yi ta kai kuka. A 2009 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar, CPSC, ta yanke cewa katakon da ba a shafa masa komai ba, ba a kuma jiƙa shi da magani ba, ba ya buƙatar gwajin dalma, haka auduga da ulu. A 2011 aka gyara dokar, aka sassauta wa mai ƙaramin jari, wanda bai wuce guda 7,500 na kaya iri ɗaya a shekara ba kuma cinikinsa bai haura kimanin dalar Amurka miliyan ɗaya ba. To amma a lura da abin da aka ƙi sassautawa ko ga mai ƙaramin jarin: gwajin dalma a fenti, da gwajin ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa. Bayan shekara uku ana jayayya, waɗannan biyun ba a taɓa su ba, domin su ne suke kisa.

Turai ma tana da nata tsarin, dokar kayan wasa ta 2009 da ma'aunin EN 71, da tambarin CE da muke gani a jikin kayan roba a kasuwa. A can abin wasa shi ne wanda aka yi wa ɗan ƙasa da shekara 14, kuma dokar ta ambaci kayan da aka fitar ta hanyar kasuwanci ko da kuɗi ko kyauta. Wannan zai shafi kafintan Garwa ne kawai idan wata ƙungiya a Faransa ta ce ya aiko mata da kaya ta sayar don tara kuɗin agaji. In haka ta taso, sai an bi takardunsu daki-daki.

Dokar Amurka ba ta hau kan mutumin Marwa ba, ta Turai ma haka. Amma kada a ɗauka Kamaru ba ta da komai. Akwai dokar kare masu sayen kaya ta watan Mayun 2011, akwai hukumar ANOR mai kula da ingancin kaya, sannan a watan Satumban 2017 gwamnati ta haramta yi da shigowa da sayar da fentin da dalmarsa ta haura kashi 90 cikin miliyan, daidai da ma'aunin Amurka. Ba haka kawai aka wayi gari aka yi wannan ba. Wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda ƙungiyar CREPD ta Yawunde ta yi tare da abokan aikinta na Amurka, ya gwada fenti 61 da aka sayo a kasuwannin ƙasar. Kusan biyu bisa uku sun haura kashi 90 ɗin, akwai ma wanda rabin nauyinsa bayan ya bushe dalma ce zalla.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan gubar dalma. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan guba ce mai yawa a lokaci guda, shi ya sa aka gan ta. Ta fenti a hankali take aiki, ba zazzaɓi, ba kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa daga abin da aka haɗiya. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, ta rage kaifin fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da ba ya samun isasshen abinci, wanda jininsa ya yi ƙaranci, ya fi kowa zuƙar ta. Wato yaran da aka nufa da sadakar su ne jikinsu ya fi rauni a gabanta. Bayan shekara shida malamin makaranta zai ce yaron ba ya ganewa, kuma babu wanda zai tuna da jar motar da ya yi wata uku yana tsotsa lokacin da yake haƙori.

Me ya kai dalma cikin fenti? Ana sa ta don launi ya fito rangaɗau, musamman rawaya da ruwan goro da ja da kore, ana sa ta don fentin mai ya bushe da wuri, ana kuma sa ta a jan fentin hana tsatsa da masu walda ke shafa wa ƙofofin ƙarfe. Launukan da suka fi jan idon yaro su ne aka fi samun ta a ciki. Ba a gane ta da ido, ba a gane ta da wari. Haramcin 2017 ci gaba ne, amma bai kwashe tsofaffin gwangwanaye daga ɗakunan ajiya ba, bai kuma san da fentin da ake aunawa a kwalba ba suna ba takarda, ko ragowar fentin mota da aka roƙo a gareji. Mai aikin sadaka kuwa, da yake yana neman sauƙi, irin wannan ragowar ce take fara zuwa hannunsa. Fentin ruwa na bango ba a cika samun dalma a cikinsa ba, sai dai ba don baki aka yi shi ba, akwai magungunan hana fumfuna a ciki. In har dole sai an yi launi, a nemi fentin da aka rubuta EN 71-3 (ma'aunin Turai na guba a kayan wasa) a jikin gwangwaninsa, a ajiye gwangwanin a matsayin shaida.

Shawarata ita ce a bar fenti gaba ɗaya. Shi kaɗai ne abin da ba za ka iya tabbatar da lafiyarsa a shago ba, sai da na'ura. Katakon da aka goge da samfefa har ya yi santsi, aka shafa masa kakin zuma da aka narkar da ɗan man kaɗanya, yana da kyan kansa, kuma kaki ba ya wuya a ƙasar da ke da zumar Adamawa. Fitilar mota da ƙofa da idon doki, a zana su da ƙarfe mai zafi yadda masu zanen ƙwarya ke yi. Kada a ce za a baƙanta ido da tozali, domin tozalin dutse shi kansa ma'adinin dalma ne. Kada kuma a manna ƙwayar idon zakara, jar nan mai ɗigon baƙi, komai kyanta: ƙwaya ɗaya idan aka tauna tana iya kashe yaro.

Sai ice. Sassaucin da Amurkawa suka yi wa katako, sharaɗinsa a ce ba a jiƙa shi da magani ba, kuma a nan ne namu yake da matsala. Katakon da ke zuwa arewa daga dazukan kudu, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko a bayan manyan motoci, musamman farin nan mara nauyi da ake kira ayus, ƙwari suna son sa, don haka sau da yawa an riga an fesa masa magani. Ragowar katakon rufi ya fi muni, tunda kowa ya san ana shafe shi da baƙin mai da maganin gara. Katakon da ya yi kore-kore kamar na turakun lantarki, shi ma a guje shi, maganin da ake dafa irinsa da shi yakan ƙunshi gubar arsenik. Katakon dakon kaya da ke zuwa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala yana da hatimi a gefe: HT na nufin zafi aka gasa shi da shi, MB na nufin hayaƙin guba aka yi masa. Ko mai HT ɗin ma, ba ka san abin da ya zube a kansa a hanya ba. Filawud kuma gam ne ya riƙe shi, da ya sha yawu sai ya fara ɓarewa.

Akwai itatuwan da gubarsu daga Allah take. Wanda 'yan katako ke kira tali, gwaska ce, wadda kakanninmu suka sani da shan rantsuwa. Bete ma ƙurarsa tana sa masu aikinsa haɓo da jiri, iroko kuma yana sa wasu ƙaiƙayi da tari. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi masassaƙa da wane ice suke yin muciya da akushi da allo. Aduwa, alal misali, an daɗe ana sassaƙa allo da ita, ana wankewa ana sha. Wannan ba gwajin ɗakin bincike ba ne, amma shaida ce ta shekaru masu yawa, ta fi guntun da aka tsinta ba a san asalinsa ba. Madobiya dai a ƙyale ta, an sare ta har ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke karewa daga ƙarewa.

Abu na biyu da aka ƙi sassautawa shi ne girman abin da zai iya ɓallewa. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku da baki yake sanin duniya, maƙogwaronsa ƙarami ne, tarinsa ba shi da ƙarfin fito da abin da ya maƙale. Amurka da Turai sun yi ittifaƙi a kan ma'auni ɗaya: wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, zurfinsa daga milimita 25.4 a gefe ɗaya zuwa 57.1 a ɗaya gefen. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, bai halatta a kayan wasan ɗan ƙasa da shekara uku ba. Kafinta zai iya yin nasa cikin minti biyar: ya huda rami mai faɗin milimita 32 da zurfin santimita 6 a jikin guntun katako, ya rataye shi kusa da zarto. Abu mai siffar ƙwallo kuma ma'auninsa ya fi haka, sai ya wuce milimita 44.5, domin shi yana toshe hanyar numfashi ruf.

Ba a gwada mota tana sabuwa kawai, sai an wahalar da ita. A ma'aunin Turai ana sakin ta daga tsayin santimita 85 a kan ƙarfe sau biyar. Ana murɗa duk abin da yatsa zai iya kamawa, ana jan sa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo tara na daƙiƙa goma. A shago, wannan jarka ce da aka zuba wa lita tara na ruwa, a ɗaura igiyarta a tayar, a ɗaga motar sama a ƙirga goma. Kayan katako da aka haɗa da gam kuma ana nutsa su a ruwa minti huɗu, a fitar na minti goma, a maimaita har sau huɗu, saboda farin gam yana sakin jiki idan ya jiƙe, bakin yaro kuwa ba ya bushewa. Bayan kowane gwaji a tattara abin da ya faɗo a jefa a ramin nan. In ya shige, ba motar da aka gwada kaɗai ba, duk 'yan'uwanta da aka yi a tsari ɗaya sai an sake su.

Akwai gwajin da babu shi a littafin Turawa, mu kuma muna da shi kyauta: hunturu. Katakon kudu yana zuwa da danshi a jikinsa. Ka haɗa mota da shi a watan Satumba, taya ta kama gam-gam, iskar Janairu da zafin Afrilu su busar da shi ya tsuke, taya ta fara rawa, ƙusa ta leƙo. Shi ya sa ake barin katako ya bushe sosai a inuwa kafin a taɓa shi, shi ya sa kuma ƙusa ba ta da wuri a kayan wasa. Tayar ta zama babba, santimita biyar ko fiye, a kan sandar katako da ta ratsa jikin motar, a sa farin gam, a kuma soke da ɗan turken katako. Sholisho na masu gyaran takalmi ba na nan ba ne. Gwargwadon ƙarancin gutsattsarin da aka haɗa, gwargwadon amincin abin: motar da aka fitar daga gungume ɗaya, direbanta zane ne, ta fi mai ɗan mutum-mutumin da ake cirewa. Igiyar ja kada ta yi tsawon da za ta zagaye wuya, kada kuma a ɗaura mata ɗan maɓalli a baki. Maganaɗisu da ƙaramin batir irin na agogo, a manta da su sam.

Na san abin da za a ce. Yaranmu da ke yin mota da gwangwanin madara da waya da tsohon silifas, suna wasa a kan bola, su ne za a kawo wa ma'aunin milimita? Gaskiya ne, suna yi. Amma motar gwangwani ɗan shekara takwas ne ya ƙera wa kansa, ya san inda take yanka. Kyauta kuwa gida take shiga. A Turai ana rubuta cewa abu bai dace da ɗan ƙasa da shekara uku ba, uwa ta karanta ta ajiye shi inda hannun yaro ba zai kai ba. A gidajenmu, balle a tanti ɗaya mai yara bakwai, wane ne zai raba? Yayar da aka ba motar tana goye da ƙaninta, da ya yi kuka za ta miƙa masa ta baya. Don haka a ganina duk abin wasan da za a bayar sadaka a nan, a yi shi a kan ma'aunin ɗan shekara ɗaya, ko da ɗan shekara goma aka nufa. Ga kuma nisan asibiti. Ciro abu daga hanyar numfashin yaro aiki ne na ƙwararren likita da na'ura ta musamman, ba na ƙaramin asibitin ƙauye ba, numfashi kuma mintoci kaɗan yake jira.

Sannan mai saye yana da bakin magana, zai iya dawo da kaya ya yi faɗa. Wadda aka ba kyauta godiya kawai za ta yi, ko ta ga tsaga a jikin abin ba za ta ce uffan ba, don kada a ce ta raina. Duk binciken da mai saye zai yi, ya dawo wuyan mai bayarwa. Hadisin da muka haddace tun muna yara, ba cuta ba cutarwa, bai ware abin da aka bayar don Allah ba.

Saura alamar maƙeri, wadda mutane ke ɗauka fankama ce ko neman suna a aikin lada. Amfaninta daban ne. A ƙona wata 'yar alama da wata da shekara a ƙarƙashin kowace mota, a sami littafi a rubuta icen da aka yi amfani da shi, inda aka samo shi, abin da aka shafa, guda nawa aka yi, wa aka kai wa. Ranar da aka bugo waya daga Mokolo aka ce tayar ɗaya ta fita, littafin ne zai nuna cewa sauran talatin ɗin suna gidan marayu kaza da ɗakin yara kaza, a je a karɓo su kafin wata ta fita a bakin wani. Kuma tun kafin a sa zarto, a je wurin waɗanda za su karɓa da samfur ɗaya a hannu. Asibiti zai so abin da za a iya wankewa da sabulu, mara lungun da datti zai maƙale. Ƙungiyoyin da ke aiki a sansani suna da nasu ƙa'idojin, wasu ba sa karɓar komai sai ta hannun ofishinsu. Gara a ji wannan da mota ɗaya a hannu, a gyara, sannan a yi ɗari.